Ƙwai Bakwai a Tagar Gunvor

A Kiruna, tsakiyar Disamba,
rana ba ta leƙowa ko don gaisuwa.
Gunvor ta sauko da fitilar taga daga saman kabad,
ƙwai bakwai jere a kan katako mai siffar tudu.
Ta hure ƙura, ta jona a bango.
Shiru. Ko ɗaya bai kama ba.

Da Sixten na nan da ya yi dariya.
Shekara talatin da ɗaya yana jan waya a ramin tama,
yakan ce: hanyar ɗaya ce, ba ta da rassa.
Wutar da ta ratsa na farko
ita ce ke ratsa na bakwai,
ba ragi, ba ƙari,
kamar zare a cikin duwatsun wuya.
In ya tsinke a wuri guda, zance ya ƙare.

Amma turin da bango ke bayarwa, shi rabawa ake.
Ɗari biyu da talatin a kasa bakwai,
kowa talatin da uku, saura ƙiris.
Tara kason, ki ga na bango ya dawo cif.
Wanda ya fi taurin kai a cikinsu
shi ke kwasar kaso mafi tsoka.

Da yamma, in yamma ce, jikarta Ylva ta shigo,
ƙanƙara na narkewa a hularta.
Ta ɗauko mitar kakanta mai tsagaggen gilashi,
ta ɗora tsinke biyu a gindin na farko.
Sifili.
Na biyu, sifili. Na uku. Na huɗu.
A na biyar allura ta zabura ta haye:
ɗari biyu da talatin, duka, a wuri ɗaya.

"Kaka, ga shi. Silin cikinsa ne ya yanke.
Sauran lafiyarsu lau, jira suke."

Gunvor ta daɗe tana kallon allurar.
Ashe a gurbin wanda ya tafi
nauyin duka yake taruwa,
ya tsaya bakin giɓi, bai iya ƙetarewa.

Ylva ta zare filogi tukuna, yadda aka koya mata.
A gwangwanin tabarsa akwai sabo guda,
an naɗe shi a takarda, da rubutun hannunsa.
Ta murɗa, ta jona.
Bakwai suka tashi lokaci ɗaya,
babu wanda ya riga wani.

A waje, wani mai aikin dare ya ɗaga kai, ya wuce.
Gunvor ba ta jefar da mataccen ba.
Ta sa shi a aljihun rigar sanyi,
ta ɗora ruwan kofi.