Kura Mai Batir

Einar, kaka ta ƙare a Gimli.
Tafki ya fara fatar ƙanƙara a gefe-gefe,
tirelarmu kuwa tana ƙofar gida inda ka bar ta,
da shuɗin labulenta, da butar shayi a ciki.
Shekara talatin kai ke mayar da ita bayan gareji,
da mota, da baya-baya, da ɗan guna-guni.
Ni ban iya baya-baya ba. Ka sani.

Sai na sayo wata kura mai batir,
gajera, mai taya uku da dogon hannu.
Ba ta cin akuya, wuta take ci,
daren jiya ta kwana tana shan caji.

Na karanta takardarta har sau biyu:
nauyin da za ta iya, da wanda ya fi ƙarfinta.
Na fitar da tukunyar gas, na zubar da ruwan tanki,
na share tsakuwa daga kan siminti,
na jira rana ta shanye raɓa,
don jiƙaƙƙiyar ciyawa ba ta riƙon amana.

Waigi tukuna, gaba da baya.
Sannan na juya jak a hankali,
bakin tirela ya sauko kan dunƙulen ƙarfe,
ya ce ƙas.
Na kulle, na girgiza, na sake girgizawa,
na haɗa wayar birki, na gwada, ta kama.

Jikarmu Wren na tsaye can gefe da jar hula.
Na ce mata: kada ki shiga tsakaninta da bango,
kada ki tsaya ta gangare.
In na daina ganinki, zan tsaya cak.
Ta ce, Kaka, na ji, wannan na uku ke nan.
Na ce, ga na huɗu.

Na zare waigi. Na danna.
Gidan nan da ya kai mu bakin teku biyu
ya motsa kamar tsohuwar saniya da aka tasa daga barci.
Taki ɗaya. Taki biyu.
A wurin itacen nan da ka ƙi sarewa
Wren ta ɗaga hannu, na saki maɓalli.
Saura faɗin tafi ɗaya fitilar baya ta fashe.
Na zaga na gani da idona,
na ja baya kaɗan, na karkata hannu,
muka wuce.

Abin da kake yi a minti biyar
ya ci mana kusan awa guda.
Ba abin da ya karye, ba wanda ya yi ihu.

Na mayar da waigi kafin na kwance kura.
Na shiga ciki in rufe taga,
sai ga hularka a kan ƙusa, tana lilo har yanzu.
Na tsaya har ta tsaya.
Wren ta leƙo ta ce, dusar ƙanƙara ta fara.