Babi na Sha Takwas

Litinin da safe, kwantena mai launin tsatsa
ta buɗe baki a tashar Nacala.
Kwali ɗari tara, kowanne da kwalba goma sha biyu,
markaɗen 'ya'yan yazawa na shafa wa burodi,
an raɗa masa suna da harshen da ban iya ba.

Ejan Faquirá ya riga ni isowa,
takardu a hammata, gumi a wuyan riga.
Ya ce, "Atumane, babi na ashirin ne,
'ya'yan itace aka niƙa, shi ke nan.
Buga hatimi mu wuce, direba yana ƙona mai."

Na ce a miƙo mini guda.
Murfi ya yi ƙara, ƙamshi ya tashi.
Launin ba na yazawa zalla ba ne,
ya yi duhu kamar ƙasar da ta sha ruwan dare.
Na juya kwalba, na bi ƙananan haruffa da farce:
sukari, mai, garin madara,
can ƙarshen layi, a raɓe kamar mai jin kunyar surukai,
garin cakulan.

Littafin jadawali bai san sabo ba.
Bangonsa ya sha salatif, gefen shafukansa ya yi baƙi,
kome na duniya da lambarsa a ciki:
doki mai rai, allura, gashin mutum, jirgin sama.
Tun da cakulan ya sa ƙafa,
kaya sun tashi daga ashirin sun koma sha takwas,
kuɗin fito kuwa lamba yake bi
yadda zare ke bin allura.

Faquirá ya ce, "Ɗan wannan ɗigon?"
Na ce ɗigon kananzir ma yana ɓata randa.
Ya kira Dona Rehana mai kanti a Nampula,
ina jin muryarta ta cikin wayar
tana tarawa, tana ɗebewa, tana tsaki.
Kwana ɗaya a tasha kuɗi ne, kwana biyu asara.

Ga abin da ban faɗa musu ba.
A gefen kwalbar akwai 'yar taswira,
ƙasarmu ce, doguwa, an ɗiga ja a arewa.
Daidai ɗigon nan uwata take.
Muanacha, ta Mogincual,
shekara arba'in a duƙe ƙarƙashin bishiyoyin nan.
Man ɓawon yazawa ya cinye mata zanen yatsu.
Ranar yin katin shaida
sau uku na'ura tana cewa babu kowa a nan.

Ta auna buhunta a sikelin wani.
Buhu ya fita ta wannan ƙofa da nake tsaro,
ya ƙetare teku ba fasfo,
aka fasa, aka soya, aka niƙa, aka sa masa riga.
Yau ya dawo baƙo,
ni ɗanta nake tsare shi da tambayar asali.

Na duba littafin nan ciki da bai,
ban ga lambar yatsun da suka goge ba.

Sha takwas na rubuta.
Faquirá ya biya da la'asar, bai yi mini sallama ba.
Kwalbar da na buɗe ta tafi sito da takardarta,
ko lasa ban yi ba.

Ƙarshen wata na hau mota zuwa Nampula,
na sayi guda a kantin Dona Rehana,
farashin har da harajin da na yanka da hannuna.
Na kai Mogincual a cikin safa, kada ta fashe.

Uwata ta dangwala da ɗan yatsa,
ta daɗe tana juya shi a baki,
tana kallon bishiyar bayan ɗaki.
Ta ce, "Sukarinsu ya yi yawa.
Ina yazawar?"
Sannan ta wanke hannu, ta tambaye ni
ko za su so kwalbar in ta ƙare,
don gishirinta ba shi da murfi.