Sakatar Wuƙar Baba

Wuƙar da babana ya bar mini ba ta da kube,
cikin kanta take komawa ta kwana
kamar kunkuru ya ji motsin yara.
Ƙotarta ƙahon sa ce, gumi ya rine ta,
ƙusoshi uku na tagulla, ɗaya ta fi haske
don a kanta babban yatsa yake zama.

In ka buɗe ta sai ta ce ƙas,
magana ɗaya, ba ta ƙarawa.
Wani ɗan harshen ƙarfe a gadon bayanta
ya faɗa gurbinsa, ya ce na riƙe,
yanka abinka.

Damina talatin da ɗaya a Maiurno
ta tsage karfasa, ta feɗe giwan ruwa,
ta sha laka, ta sha ƙaiƙayin dawa.
Yashin Nilu ya shiga haƙoranta,
na wanke, na ɗiga mata man riɗi,
ta sake cewa ƙas.

Mujtaba ya dawo daga kasuwar Sinnar
da tasa sabuwa, tana ɗaukar ido.
Da yatsa ɗaya take tashi, kamar an kira sunanta.
Ya ce, Baba, taka ta tsufa.
Na karɓa, na doki bayanta a gefen jirgi,
na ji ta yi ɗan gyangyaɗi.
Ban ce komai ba. Kuɗin guminsa ne.

Ran da ruwa ya zo ja, yana ɗauke da itatuwa,
komarmu ta sarƙe a saiwar da ba ma gani,
jirgi ya sunkuya yana neman sha.
Ya zaro tasa, ya danna wa igiya da ƙarfi,
sakata ta saki,
kaifi ya juyo ya gaida mai shi.
Har yau ɗan yatsansa ba ya miƙewa a tahiya.
Tawa ce ta raba mu da igiyar,
ban ma tuna lokacin da na buɗe ta ba.

Da nan labarin ya tsaya, da na ji daɗin ba da shi.

Bana sai ga ta tana girgiza kai,
kaɗan, kamar haƙorin tsoho.
Na kai wa Usta Bashari a rumfarsa bayan tasha.
Ya ɗaga ta a rana, ya rufe ido ɗaya,
ya kurɓi jabana, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, ba kifi ne ya ci gurbin nan ba,
ba igiya ba ce, ba kuma tsatsa.
Yanka ba ya gajiyar da sakata haka.
Wannan buɗe-rufe ne na mai zaman dare,
wanda hannunsa ke aiki, hankalinsa na wani gari.
Sau nawa kake yi?

Ban ƙidaya ba.
Tun da wayar Siddiƙa ta daina shiga a Khartum
nakan zauna bakin ruwa bayan isha'i,
ƙas, in rufe, ƙas, in rufe,
wasu na jan carbi, ni ina cin ƙarfe.

Ya sa magagari, sau bakwai, a hankali,
ya doki ƙusar tsakiya a kan uwar maƙera.
Ya ce, ta zauna, amma wannan ne na ƙarshe,
babu sauran naman da zan gyara.
Ka buɗe ta in akwai abin yankawa.

Yanzu tana aljihun hagu, a ninke.
Da dare hannuna yakan je ya same ta,
ya shafa ƙusar nan mai haske,
ya dawo.
Ina tara mata sauran ƙas ɗinta
don ragon da zan feɗe ran da yarinyar ta sauko daga mota.