Ɗari Biyu da Goma Sha Ɗaya

Litinin ce, a tashar bas ta Bahía Blanca,
iskar teku na kaɗa ledoji a ƙarƙashin benci.
Na buɗe waya da yatsa mai kanta,
jerin gwanayen tanis ya fito tun da asuba.
Na gangara, na gangara, kamar mai sauka rijiya,
kafin na tarar da sunana a zaune:
Nicanor Ibarra, ɗari biyu da goma sha ɗaya.

Maki ba gado ba ne, aro ne.
Mako hamsin da biyu, mai abu ya zo ya karɓa.
Abin da na ci bara a Lima, cikin zazzaɓi,
daren jiya aka share shi, ko sallama babu.

Na taɓa zama na hamsin da takwas.
A lokacin mota ke jira na a filin jirgi,
wani ke ɗaukar jakar, wani ke ɗaure igiyar raket.
Yau ni ke wanke safata a bahon otal,
in shanya ta a kan fanka,
in ɗaura wa gwiwa ƙanƙarar da na roƙa a kicin.

Jiya kuwa, a kan jar ƙasa,
Tiziano Ferreyra, shekara goma sha takwas,
ko gemu bai gama shawarar fitowa ba.
Na san shi. Shi ne yaron nan mai manyan kunnuwa
da ke durƙusa gefen raga yana tsince mana ƙwallo,
yana miƙo tawul da hannu biyu.

Na jawo duk dabarar da shekaru suka bar mini:
na sassare ta ƙasa-ƙasa, na ɗaga ta sama,
na ajiye ta bayan raga kamar mai ajiye ƙwai.
Kafin ta yi tsalle na biyu yana wajen,
ya zame, ƙura ta tashi, ya mayar.
Shida da uku. Shida da ɗaya.
Awa ɗaya da minti tara,
ko ruwan gorarsa bai shanye ba.

Ba kayen ne ya yi mini ciwo ba.
A bakin raga ya cire hula,
ya riƙe hannuna a hankali kamar zai karye,
ya ce, "Ranka ya daɗe, hotonka na ɗakina."
Da ma ihu ya yi a fuskata.

Yau ya haura tamanin da tara.
Jarida ta sa shi a shafin baya, baki buɗe,
an ce kamfanin takalma na neman mahaifinsa.
Duniya rawar 'yan mata ce, na sani,
na gaba ya koma baya,
sai dai ba wanda ya gaya mini
cewa kiɗan ba ya tsayawa don ka ɗaure takalmi.

Milagros ta kira: kuɗin haya, haƙorin yarinya,
kuma kulob ɗin unguwa na neman mai koyar da yara.
Na ce zan yi tunani.
Shekara uku ke nan ina tunanin.

Tiziano, ga abin da ban faɗa maka ba a raga:
ka kula da kafaɗar nan, kana wurga ta da yawa.
Kada ka duba jerin kafin ka karya kumallo.
Kuma akwai wani yaro yanzu haka, ban san inda yake ba,
yana dukan bangon gareji da raket ɗin yayarsa,
hotonka zai liƙa.

Bas ɗin Neuquén ya iso, awa takwas ce tafiyar.
Wasan share fage gobe da ƙarfe goma,
maki shida ga wanda ya tsallake.
Na zuba ruwan zafi a kan ganyen mate,
na ɗaga jakar. Gwiwa ta ce a'a.
Na ce mata, ba ke aka tambaya ba.