Hantar Mai Agashe

Shekara ashirin ina yanka hanta a kasuwar Sinnar.
Na san ta kamar yunwar cikina.
Ta gari ja ce, sumul, wuƙa na ratsa ta ba gardama.
Wadda ta koɗe, ta kumbura, tana barin maiƙo a yatsa,
gefe nake ture ta,
in ce wa yarona Sanda, kai wa kyanwa.

Jiya Dakta Insaf ta shafa mini wani mai mai sanyi,
ta bi da na'urarta ƙarƙashin haƙarƙarin dama,
ta juyo mini da allon.
Kafin ta buɗe baki hantar cikina ta kaɗa.
Irin ta kyanwa ce.

"Kana shan aragi?"
Na ce ko warinsa ba na so.
Ta ce, "Tambayar takarda ce.
Kitse ne ya kwanta. Ba ya ciwo, ba ya sallama.
Masu irin lalurarka yakan yi wa zaman dirshan.
Cutar na da hannu, shekarun magani na da nasu,
sauran na cokalinka ne."

Lalurata.
Shekara goma sha ɗaya ina haɗiyar ƙwaya guda bayan lisha,
daga robar da Batula ta ɓamɓare wa suna
ta binne cikin buhun riɗi.
A duk Maiwurno mu uku muka sani:
ni, da ita, da Wanda ba ya barci.

Shekarar da ƙanjamau ya kwantar da ni
jallabiyata ta koma tanti.
Masu ciniki suka ƙaura teburin maƙwabci,
suna duban wuyana maimakon nama.
Da magani ya karɓe ni sai na ci.
Na ci da gayya.
Asida da man shanu, zalabiya da hantsi,
shayi mai cokali huɗu, sau biyar kamar farilla,
guntun kitsen da ya rage a tire da tsakar dare.
Kowane kilo bakin mutum ɗaya ne na toshe.
Ranar da Hajja Zinatu ta ce, "Attahiru ya aje tumbi, tubarkalla,"
na zaga bayan rumfa na yi kuka.

Tumbin nan katangata ce,
ashe gara na cin ta ta ciki.
Wasu rogo suke yi wa kallon kitse,
ni kitsen na yi wa kallon lafiya.

Yanzu an ce in rushe ta da hannuna,
kilo takwas, sannu a hankali,
maganin dare kuwa kada in kuskura in tsallake.
Zan rame. Za su gani.
Bakunan da na liƙe da man shanu za su ɓalle.

Yau da asuba na bar raksha ta wuce,
na bi gaɓar kogi da ƙafa.
Ruwan ya yi ja da ƙasar Habasha.
Tun kafin lambun mangwaro na biyu
numfashi ya fara yi mini gardama,
wani masunci ya ɗaga hannu, "Lafiya, Alhaji?"
Na ce lafiya ce nake nema.

Batula ta miƙo shayi, cokali ɗaya.
Ɗaci. Na shanye.
Ta ce, "In sun tambaya, ka ce hanta ce.
Wannan karon gaskiya ma ta isa mayafi."

A rumfa Sanda ya ɗago wata koɗaɗɗiya.
"Ta kyanwa?"
Na karɓa, na juya ta a tafin hannu,
na daɗe.
Ta tunkiya ba ta da gobe.
Tawa, in ji likita, tana yafiya
in an roƙe ta da wuri.

Na ce, kai mata.
Na duƙa na hura gawayi.