Kamiyon Baba a Man Birki

Tina ba ta da amana, in ji Hamajoda mai fenti,
in ta ci launi sai ta haɗa da robar,
kamar mai bin bashin da ya tafi har da tukunya.
Sai na auno man birki rabin gwangwani
a garejinmu na Rumde Ajiya,
na juye a kwanon da Dije ta daina miya da shi,
na tsoma kamiyon, na kife da faranti.

Tsawonsa bai fi taƙi biyu ba.
A kwali Baba ya sayo shi, guntu-guntu,
wurin wani Bature mai harhaɗa kayan tafiya a Ngawundare.
Damina guda ya yi yana haɗa shi,
lokacin da babu audugar ɗauka,
Binuwai ta cika, babbar motar na hutawa ƙarƙashin darbejiya.

Kwana biyu na ba shi.
Da na buɗe, koren ya yamutse
kamar fatar tumatir a ruwan zafi.
Wannan aikina ne, ina shekara tara,
da ragowar fentin ƙofar masallaci
na lafta har gilashi, har fitilu,
direban ciki ya shekara talatin bai ga hanya ba.
Na sa tsohon buroshin haƙori, a hankali,
ya saɓule.

Ƙarƙashinsa ja ne, na Tanimu,
wanda ya haye Kusiri da jaka ɗaya
yanzu sai muryarsa ran sallah.
Ko a fenti gaggawa gare shi:
ga tsiyaya nan a ƙofa, ga gashin buroshi biyu
da suka maƙale tun muna raba tabarma.
Na tsince su da tsinken sakace,
na rasa inda zan ajiye.

Sai shuɗi ya leƙo.
Siriri, sumul, ba tudu ba kwari,
da gashin kaza ya shafa shi, na tuna,
yana riƙe numfashi, harshe tsakanin haƙora.
Na yi maza na tsamo, na kai bakin famfo,
amma man birki ba ya tambayar wa ya shafa.
Ina ji ina gani shuɗin ya bi ruwa,
ya ratsa ta ƙarƙashin randa,
ya shige rariya, ya fita titi.

Na zauna a kan tsohuwar taya.
Mai babur ya zo gyaran kaca, na ce ya dawo da la'asar.

Toka-toka ya koma, tsirara,
irin yadda Baba ya zaro shi daga kwali.
Na wanke da sabulu sau uku,
na shanya a inuwa, don ranar Garwa
ba ta raga wa roba ba, ba ta raga wa mutum ba.
Ina juya shi, sai farcena ya tsaya
ƙasan ƙofar direba.

Gam ne ya yi yawa a wurin, robar ta narke,
ya danna da babban yatsa kafin ta sandare.
Ga zanen nan, zagaye cikin zagaye,
ga tabon da jak ya yi masa a hanyar Gidar
ya raba shi biyu.
Yatsan da yake dangwalawa ran albashi,
yatsan da yake murɗe mana kunne.
Launi uku sun kwanta a kansa, bai goge ba.

Na ɗora nawa.
Ya rufe shi har da saura.
Ban san na fi shi girman hannu ba.

Hurera ta dawo makaranta, ta leƙa ta kafaɗata:
Abba, wane launi za mu sa?
Ga gwangwanaye uku can a kan taga,
na biya kuɗinsu tun jiya, ban fasa ko ɗaya ba.
Na ce ta je ta ci abinci tukuna.