Makullin Ruwa

Na sauka daga kabu-kabu nesa da ƙofar,
gaban mai tallan alkaki,
don kada yaron ya gane inda na nufa.
Damagaram ƙaramar tukunya ce:
ka yi atishawa a Karkada,
daga Birni za a yi maka addu'a.

Biro ne a saman farmasi, cikin Sabon Gari.
Matakala goma sha bakwai, na ƙirga.
Ina shirin ƙirga su da baya
sai ƙofa ta buɗe.

Jikka biyar, awa guda.
Kuɗin gawayi da cefanen kwana uku.
Cima ce ta kwance su daga bakin zane,
ta ce, "Mutari, shekara ke nan ina hira da bango.
Je ka sayo mini mijina."

Madam Habsu ba ta sa farar riga ba.
Babu allura, babu hayaƙi, babu rubutu a kwano.
Kujeru biyu, fanka mai gurnani,
agogon da ya ba ni baya yana kallonta,
da kwalin hankicin takarda
wanda na harara.

Ta ce abin da aka faɗa nan, nan zai kwana.
Ta ce, "Me ke tafe da kai?"
Na ce, "Lafiya lau."
Ta jira.
Na ce, "Barci ne dai, ya yi yaji."
Ta jira.
Ban taɓa ganin wanda aka biya
ya yi shiru irin wannan ba.

Sai na ba ta labarin aiki, shi na iya.
Ni ke riƙe da makullin ruwan gari.
In buɗe wa Garin Malam daren Litinin,
in rufe wa Zango sai Talata,
jarkoki su yi layi har bakin kwalta,
'yan garuwa su zagi uwar da ba su sani ba.
Na ce mata bututun da ya daɗe a rufe
ba a sakin sa gaba ɗaya.
Fashewa yake.

Ta ce, "Naka fa, yaushe ka rufe shi?"

Fanka ta zaga, ta zaga.

Nafi'u.
Ƙanena, wanda ke bi mini.
Ni na ara masa babur,
ni na ce ya bari sai dare, hanyar Tanut ta huce.
Ni na yi masa wanka.
Ni na zauna kan tabarma kwana uku,
ana "ya haƙuri" ina "da godiya",
har kalmar ta suɗe kamar guntun sabulu.
Aka ce Mutari dutse ne, irin na Birni.
Ba wanda ya taɓa dafa dutsen nan da tsakar dare
ya ji ranar da ya haɗiye tana ci a cikinsa.

Ba kuka na yi ba.
Maƙogwaro ne ya yi abin da famfo ke yi
in ruwa ya dawo bayan mako biyu:
iska tukuna, sai tari,
sai ɗan ja-ja mai tsatsa wanda ba a sha.
Ba ta ce in yi haƙuri ba.
Ta turo mini kofi.
Hankicin nata ban taɓa ba,
hannun rigata ya wadatar.

Na ce, "Wannan ba rashin tawakkali ba ne?"
Ta ce, "Mai karaya yana salla,
kuma yana zuwa wurin maɗori."

Awa ta cika ban kai rabi ba.
Ta rubuta a ɗan kati: Talata, ƙarfe huɗu.
Ban ce zan zo ba.
Ban kuma yar da katin ba,
yana cikin hula.

A ƙasa na sayi alkaki na dala ashirin,
Cima na son na gefe, mai ƙonuwa.

Daren nan na Zango ne.
Na durƙusa kan ramin, na sa makulli,
na murɗa kaɗan, rubu'i kawai,
na kara kunne a jikin ƙarfe
ina jin sa tun daga nesa,
yana zuwa, yana tsayawa,
yana zuwa.